Surukin da Ba Ya Ɗaga Ido

Idan ka tambayi dattawan unguwarmu a Argungu wane yaro ne ya fi kowa ladabi, har gobe Munzali za su ce maka. Ni ma ban musa ba. Na san shi tun yana yawo ba wando, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya ci moriyar durƙuso kamar shi ba. Mijin ƙanwata Sumayya ne. Ni ne Dikko, ɗan farin gidanmu, manomin shinkafa a fadamar Zauro. Sunana na yanka Muhyiddeen, amma ba kowa ya san shi ba, don mahaifiyarmu, Inna, ba ta taɓa furta shi ba saboda kunyar ɗan fari. Ko Dikkon ma ba ta faɗa. Idan tana nemana sai ta ce, "Ku kira min wancan."

Uban Munzali masunci ne, mutumin kirki, mai hannu kamar bayan kada. Ɗan kuwa tun yana ƙarami ya nuna shi ba na ruwa ba ne. Ƙarnin kifi yana tayar masa da zuciya, taru yana yanka masa yatsu, rana tana sa masa ciwon kai. Abin da ya iya shi ne ya hango babba daga nesa, ya cire takalmi, ya zube a ƙasa, ya kafa ido a kan yatsun ƙafarsa. Da wannan ya ci makarantar firamare, da shi ya ci sakandare, da shi kuma wani ɗan uwan ubansa ya samo masa gurbi a makarantar koyon aikin lafiya, inda ya koyi wanke haƙora da cike rami. Ranar da ya dawo da farar riga, shi ke nan, Munzali ya mutu, Dakta ya tashi. Da rigar yake zuwa kasuwa sayen albasa. Na taɓa ganinsa da ita a wurin ɗaurin aure, a saman babbar riga.

Ya yi 'yan shekaru yana aiki a ƙarƙashin likitocin gaske, yana miƙa musu kaya. Daga nan ya ga ai shi ma ya isa, ya kama shago a Gesse, cikin Birnin Kebbi, ya sa aka zana masa ƙaton haƙori mai dariya a jikin allo. A lokacin ne ya nemi Sumayya. Ni ban so ba, kuma na faɗa. Amma Inna ta riga ta mutu a kansa. Yaron da ko inuwarta ba ya takawa, wanda idan ya zo gaishe ta daga bakin zaure yake durƙusawa, muryarsa ƙasa-ƙasa sai an kasa kunne. "Wanga yaro yana da kunya," in ji ta. A gidanmu idan aka ce mutum yana da kunya, an gama bincike.

Wata shekara ya tafi wata bita ta 'yan kwanaki, ya dawo da satifiket mai zanen zinariya da sabuwar sana'a: allurar da ake yi wa mai tsoron cire haƙori don jikinsa ya saki. Wannan bita ta hana mu shan shayi cikin kwanciyar hankali. Duk ranar da ya zo Argungu sai ya zauna a majalisarmu ya karanta mana darasi, yana lanƙwasa yatsu. Allurar, in ji shi, ba ta barci ba ce. Mutum zai yi lis, tsoro ya tafi, amma dole ne idan ka kira shi ya amsa, idan ka ce buɗe baki ya buɗe. Da zarar ya daina amsawa, an wuce gona da iri. Kafin a soma sai an tambayi mutum ciwon da yake da shi da magungunan da yake sha, da ko yana minshari, da lokacin da ya ci abinci. Sai an maƙala masa 'yar na'ura a yatsa mai nuna iskar da ke cikin jininsa. Sai da tukunyar oksijin a kusa, da mutum na biyu wanda ba shi da aikin komai sai kallon numfashi. Babbar doka kuma, wadda yake buga cinya idan ya zo kanta: ba a barin mutum shi kaɗai har sai ya wartsake ya yi magana ya taka da ƙafarsa.

Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce jahilci ne ya ja shi. Munzali ya san komai. Har mu da ba mu je bitar ba ya sa mun haddace. Ya sayi na'urar yatsan, ya sayi tukunyar oksijin ya girke ta a inda duk mai shigowa zai fara gani, kullum ana goge ta tana ƙyalli. Ya ɗauki nas, wata Nkem, wadda iyayenta 'yan kasuwa ne a Birnin Kebbi, Hausa a bakinta kamar jikar Kabawa. Ita ce mai kallon numfashin.

Sai haƙorin Inna ya tashi. Turmi ne na can ciki, ya rube, kuncinta ya haye. Ta yi kanumfari, ta yi ruwan gishiri, ta yi hayaƙi, abu ya ƙi. Na ce in kai ta babban asibiti. Sumayya ta ce haba, ga likita a gida, a ji an kai uwar matarsa wani wuri, ai an ci masa fuska. Inna kuwa ta kafe a nata gefen.

"Ni in wage baki gaban mijin ɗiyata? Gara haƙorin ga ya kashe ni."

Munzali ne ya aiko da mafita ta bakin matarsa, don shi ba ya iya yi wa Inna doguwar magana. Ya ce akwai allura, Inna ba za ta ma san an yi ba, za ta farka ta ga an gama. Da wannan aka lallashe ta. Aka sa rana, Sumayya ta zo ta ɗauke ta da safe, ni kuma na ce zan biyo ta shagon daga gona in mayar da ita gida.

Abin da ya faru a ɗakin nan na tattaro shi ne daga baya, daga bakin Sumayya da bakinsa shi kansa a gaban masu bincike. Farko dai ya sallami Nkem, ya ce yau aikin gida ne, ba ya son baƙon ido. Ni na san dalili: Nkem tana da baki, tana iya ce masa a'a a gaban matarsa. Bai tambayi Inna komai ba. Ta yaya zai dubi surukarsa ya ce kina minshari? Inna kuwa mace ce mai jiki, tana shan maganin hawan jini, minsharinta har maƙwabta sun san shi. Na'urar yatsa tana cikin durowa, don maƙala ta sai ya kama hannunta ya riƙe. Allurar ma da ƙyar ya soka, fuskarsa a bango.

Jikinta ya saki yadda ake so. Sumayya ta kira ta, ta amsa. A nan ya kamata a tsaya, kamar yadda ya sha koya mana. Amma idonta a buɗe yake, yana bin sa, shi kuma ba zai iya sa yatsa a bakin surukarsa tana kallonsa ba. Sai ya ƙara mata allurar. Ta lumshe, ta sake buɗewa, ta ja mayafi tana neman rufe fuska. Ya sake ƙarawa, har sai da Sumayya ta kira ta ta ji shiru. Sai a lokacin Dakta ya samu ƙarfin hali. Ya cire haƙorin tsaf, wannan kam ba zan hana shi ba, ya cusa auduga, ya ce wa Sumayya ta je gida ta dama wa Inna kunu kafin ta tashi. Shi kuma ya ja mayafin ya rufe mata fuska don mutunci, ya fito a kan yatsun ƙafa, ya ja ƙofa.

Na iso bayan azahar da laka a ƙafata. Na same shi a benci ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar shago, cikin farar riga, yana latsa waya. Yana ganina ya zube.

"Yaya Dikko, sannu da hanya. An gama lahiya lau. Tana ciki tana kwana."

"Ita da wa?"

"Ita ɗai."

"Ita ɗai kab bari?"

"Haba Yaya," ya ce, yana murmushin nan nasa na mutumin kirki, "ƙaƙa zan zamna in tasa Inna gaba ina kallon ta tana kwana? Ai ba ta yiwuwa."

Abin da ya fara tsinka min zuciya shi ne shirun. Matar da ake jin barcinta daga zaure, ga ni a bakin ƙofa ban ji komai ba. Na shiga na yaye mayafin. Kanta ya karye ya faɗo kan ƙirji, leɓɓanta sun koma kalar toka. Na ɗaga haɓarta, ta ja wani irin numfashi mai ƙara, ta sake tsayawa. Na kwarma masa ihu ya kawo oksijin. Ya shigo, kuma wallahi ko a wannan halin sai da ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ya murɗa kan tukunyar, ta yi ɗan huci ta yi shiru. Tun da aka girke ta ba wanda ya taɓa duba ko da abu a ciki.

A bayan motar da nake ɗaukar shinkafa da ita muka kai ta babban asibiti, ina riƙe da haɓarta, wani maƙwabcin shagon yana tuƙi. Likitocin sun yi iya yinsu, Allah ya saka musu. Suka dawo da numfashin. Amma babbar likitar ta kira ni gefe ta ce ƙwaƙwalwa ta daɗe ba iska, kada in sa ran matar da na sani ce za ta tashi. Da ta juya kan Munzali tana tambayarsa nawa ya ba ta, wa ya zauna da ita, ya yi abin da ya fi iyawa: ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

Na so in kai ƙararsa wurin hukumar da ke kula da irin aikinsu. Kawunnanmu suka taru a kaina. Babbansu ya ce ƙaddara ce, ya ƙara da cewa, "Yaron ga ba mugunta gare shi ba, kunya ce tai mishi yawa." Har da masu jinjina kai, wai a zamanin nan samun surukin da ba ya iya kallon uwar matarsa sai an tona. Sumayya ta yi ta kuka tana cewa in tuna 'ya'yanta. Na kai ƙarar duk da haka, kuma har yau akwai gidajen dangi da ba a amsa sallamata da daɗi. An hana shi yin allurar. Shagon yana nan, haƙorin yana dariya a allo, tukunyar tana ƙyalli a wurinta. Na ji an ce yanzu a cike take.

Inna tana gidana. Tana ci idan an ba ta a baki, tana tafiya idan an riƙe ta. Ta manta sunayen jikokinta, ta manta raka'o'in salla, ta manta kunya gaba ɗaya. Duk Juma'a Munzali yana zuwa daga Birnin Kebbi da ledar lemu, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa. Ba na hana shi, ba na kuma amsa gaisuwarsa. Ita kuwa sai ta zuba masa ido tar, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo gare ni ta ɗaga murya a gaban kowa.

"Muhyiddeen! Wane ne wanga?"

Tun ina yaro nake fatan wata rana in ji sunan nan a bakin uwata, ko sau ɗaya. Yanzu ina jin sa safe da yamma, kuma duk lokacin da ta faɗa sai na fita waje na tsaya har idona ya bushe.