Ranar da Ya Falmata Ta Bar Kawu a Benci

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Ya Falmata, kuma har yau hankalina bai kwanta a kan abin da ya shiga tsakaninmu ba. Nas ce a sashen gaggawa na wani asibiti a nan Maiduguri. Aikinta ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi duk wanda aka kawo, ta ce wane ya shiga yanzu, wane ya jira. Ba ta duba rawani, ba ta duba wanda ya riga zuwa. Numfashi take dubawa, da launin leɓe, da bugun jini.

Wata safiya Kawu Bukar, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ya faɗo daga keke a bakin Kasuwar Litinin, ya karye a hannu. Na kai shi asibitin ina taƙama, ai tamu ce a ƙofa. Kawu yana ta salati da ƙarfi, har masu gadi suna leƙowa. Ta taɓa hannun, ta duba idonsa, ta zaunar da shi a benci. Sai ta wuce wurin wata baƙuwa da ke zaune shiru a lungu, ta dafe ciki, ta sa aka tura ta ciki da gudu.

Na ce, "Ya Falmata, Kawu ne fa!"

Ta ce, "Modu, mai ƙarfin ihu yana da numfashi. Ka zauna."

Ban zauna ba. A gaban jama'a na ce mata boko ya cire mata kunya. Mu da muka tashi babba ke fara sa hannu a kwano, ta yaya za a bar dattijo a benci? Kawu ya warke sarai, har yana yi mata ba'a, amma ni na riƙe. Fiye da shekara ban taka gidanta a unguwar Lamisula ba. Ina jira ta zo ta ba ni haƙuri, sai aka kira ni jana'izarta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Yanzu tun kafin mara lafiya ya sauka daga mota, ɗan'uwansa ya riga ya kira wani da ya san wani. Kowa yana ɗaga waya yana barazanar ɗaukar nas hoto. Wanda ba shi da kowa kuma ya lafe a lungu. Na san da za ta ɗaure fuska ta wuce wurin na lungun, a zage ta kamar yadda na zage ta.

Jiki magayi. Watan jiya ƙirjina ya yi nauyi, gumi ya rufe ni, matata ta kai ni asibiti. Layi ya cika, na samu gefe na yi shiru don magana ma wuya take mini. Wata nas da ban taɓa gani ba ta tsallake mutum fiye da goma, ta kama wuyan hannuna, ta ƙwala wa likita kira. Ina jin wani yana faɗa a bayana, wai shi tun safe yake nan da mahaifinsa. Ni kuwa da aka sa a gaba ban ji an girmama ni ba. Tsoro na ji.

Ya Falmata ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bari yana idon irin wannan nas ɗin, ko ta san ta ko ba ta san ta ba. Allah ya ji ƙanta. Ni dai abin da ke hana ni sukuni shi ne, ranar da ta bar Kawu a benci albishir ta yi mini cewa Kawu ba zai mutu ba, ni kuma na biya ta da gaba har kabari.