Ɗakin albasar Kawu

"Ƙara murya!" in ji Kawu Sani, yana turo kunne wajen wayata.

Ɗansa Bashiru ne ya kira daga Amurka, inda yake karatu. Wai a garinsu an cika ɗakin taro ana gardama kan karɓar Musulmi 'yan gudun hijira. Wasu sun ce a ba su gidaje, wasu sun ce Shari'a za su kawo musu.

Kawu ya tafa hannu. "Mutumin da ya gudo ko takalmi babu, cikin wane aljihu ya sako Shari'a? Mu nan Zamfara da munka kafa ta, sai da gwamnati ta tashi tsaye! Rowa ce kawai."

Matarsa Inna Hajo tana tsintar wake, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Malam, mutanen nan na wajen Moriki da ɓarayi sunka koro, har yau a firamare suke kwana. Ka ce ɗakinmu na waje na albasa ne."



"To, ai albasa ba ta son damshi," in ji Kawu a hankali.

"Jinjirinsu yana so?"

Jiya na koma gidan Kawu a Kaura. Baƙin suna ɗakin waje, albasa kuwa ta cika ɗakin Kawu har ƙarƙashin gado. A masallaci ba sai an waiga ba ake sanin ya iso.

Amurkawa dai har yanzu suna taro. Ku fa, me kuka zuba a naku ɗakin?