Kawu Sale Ashirin-da-Huɗu

Kawu Sale ba ya tada mota sai ya ƙirga kawuna. Ku da kuka hau motarshi zamanin Turawa ba sai na faɗa maku ba, ko da yake in na duba yanzu, mu nawa ma muka rage? Zai hau bayan motar da karan dawa a hannu, ya bi benci-benci yana ɗan taɓa kan kowa, mai hula da mai ɗankwali da mai rawani: ɗaya, biyu, uku. In wani ya yi mashi magana a tsakiya, sai ya yi tsaki ya koma farko. A jikin ƙofar motar akwai lamba da Bature mai duba motoci ya sa aka rubuta da farin fenti, ashirin da huɗu, watau iyakar mutanen da doka ta yarda motar ta ɗauka. Duk motocin tashar Kankiya suna da irinta, kuma duk direbobin ado suka ɗauke ta. Sai ka ga an loda arba'in, hamsin, wasu bisa buhunan gyaɗa, wasu sun maƙale a ƙofar baya. Kawu kaɗai ya ɗauke ta hukuncin alƙali. Boko dai ko harafi ɗaya bai sani ba, amma kullum da safe sai ya goge lambar nan da tsumma. Daga nan sunan ya bi shi, har yara suna kiranshi Ashirin-da-Huɗu yana amsawa.

Ni ce Hurera, ɗiyar yayarshi. Inna ta rasu ina ƙarama, ni kaɗai na rage mashi cikin dangi, kuma duk da haka shekara huɗu na yi ina gaba da mutumin nan. Zan zo kan wannan, amma bari in fara faɗa maku dalilin ƙirgen, don yaran yanzu suna tsammani taɓin hankali ne.

Kafin ya koyi tuƙi ya yi aure, sun haifi ɗa namiji. Suka hau motar gyaɗa za su Kano, mota cike maƙil, matarshi tana benci na ƙarshe da goyo a baya. A wani gangare direba ya taka burki ya saki, jama'a suka zubo baya gaba ɗaya, suka danne ta jikin katako. Yaron ko kuka bai yi ba. Sai da suka isa Kano ta kwance zane, ta tarar ba rai. Auren bai ƙara shekara ba, ta koma wajen danginta can wajen Maraɗi, shi kuma bai sake aure ba. Ɗaki ɗaya ya kama bayan tasha, tabarma, buta, fitila, shi ke nan. Ko karen mota bai taɓa zama da shi sati biyu ba, wa zai iya? Tuwo ni nake kai mashi kafin in yi aure, in same shi zaune a bakin ƙofa yana kallon motar kamar za ta yi mashi hira.

A wajen Kawu jariri mutum ne cikakke, kanshi ɗaya cikin ashirin da huɗu, kuma da wurin zamanshi ko da bai iya zama ba. Wata rana matar wani wanzami daga Kunduru ta hau da tsohon ciki, haihuwa ko yau ko gobe. Ya ƙirgo ya iso kanta, ya ɗaga kara, ya tsaya. Ya dubi fuskarta, ya dubi cikin, ya daɗe yana tunani.

"Malam Sale, lafiya?" in ji ta.

"Ina lissafi ne. Ke ɗaya ce ko biyu?"

Ta rufe fuska da mayafi don kunya, matan da ke kusa suka yi mashi ca. Bai kula su ba. Can ya taɓa kanta sau ɗaya ya ce, "Yau dai ɗaya ce ke. Amma ki daure har Kusada. In kika haihu a hanya, wani zai sauka."

Wani ɗan tireda da ke zaune bakin ƙofa ya ce tun daga Kankiya har Kusada addu'a yake Allah Ya sauke ta lafiya, amma ba yanzu ba.

Abin da ya fi haɗa shi faɗa da mata shi ne goyo. Ba a shiga motarshi da yaro a baya. Ki kwance, ki rungume shi ta gaba, ki zauna a bencin da ke jingine da kan mota, wanda ya naɗe da tsofaffin buhuna don taushi. Yaro mai tafiya kuma ba ya zama bakin ƙofar baya ko bisa kaya, sai tsakanin manya biyu, kuma sai Kawu ya damƙa hannun yaron a hannun babba da kanshi. Wata Bafillatana ta zo daga rugar da ke bayan garin Ƙofa, ƙwaryar nono a kai, ɗiya a baya. Ya ce ta kwance. Ta ce hannunta biyu ne, in ta riƙe ɗiya wa zai riƙe nono?

"Aje shi ƙasa."

"In ya zube fa? Kai za ka tatso mani wani?"

Ya ce, "In nono ya zube, saniya tana nan."

Ita ma ta san labarin ɗanshi. Amma ba ta aje ba, ta tsaya ƙyam, shi ma ya tsaya, rana tana dukan mutane. Ƙarshe ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya kai ta gidan gaba, ya kafa ta bisa gammo a kujerar da malaman En'e, ma'aikatan sarki, kan yi rububin zama, ya ɗaure ta da rawaninshi. Wani malamin haraji da ya so kujerar ya ce ai ƙwaryar ta zama ta ashirin da biyar. Kawu ya ce, "Ba ta da kai." Haka nono ya shiga Kankiya a gidan gaba kamar hakimi, malamin haraji yana baya yana shan ƙura.

Na Baturen kuwa ban gani da idona ba, amma mutum ashirin da huɗu suka ba da labarin, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Suna dawowa daga Kano da rana tsaka, sai ga ƙaramar mota a gefen hanya tana tururi, ga Bature tsaye ya ɗaga hannu, fuska ja wur. Ashe shi ne mai duba motocin. Ya leƙo ya ce da 'yar Hausarshi ta bariki, "Direba, ka kai ni Kankiya."

"Ranka ya daɗe, an cika."

"Mutum ɗaya kawai."

Kawu ya fito, ya kama hannun rigar Bature, ya ja shi gaban ƙofa, ya nuna lambar. "Wa ya sa aka rubuta wannan?"

"Ni ne."

"To, ko ka goge, ko ka jira."

Cikin mota kowa ya sha jinin jikinshi. Wani tsoho ya fara tattara buzunshi zai sauka ya ba Bature wuri, Kawu ya ce, "Zauna Baba, ka riga shi zuwa." Ya miƙa wa Bature goran ruwa da sandar rake, ya nuna mashi inuwar wata tsamiya, ya ja mota. Da ya sauke mutane a tasha aka ce mashi ya gudu, yau sai gidan yari. Shi kuwa ya juya motar ba kowa ciki ya koma ya ɗauko shi. Baturen da kanshi ya faɗa wa 'yan doka yana dariya cewa kafin su tashi sai da Kawu ya ɗauko kara ya taɓa mashi hular kwano ya ce, "Ɗaya."

To, ni ma na sha dariyar waɗannan, har ranar da abin ya zo kaina. An kai ni aure Kusada, na zo wankan jego na haihuwar fari gidan babana a Kankiya. Da na yi arba'in, ƙannen mijina mata biyu suka zo tafiya da ni. Na sha lalle, na ɗaura sabon zane, ina taƙama motar kawuna zan shiga. Tun a hanya nake cika masu baki. Muka iso tasha a makare, su biyu suka haye, Kawu ya ƙirga, ashirin da uku. Saura wuri ɗaya, ga ni, ga jariri.

"Hure," ya ce, "ku biyu ne."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. "Kawu, ni ce fa."

"Na san ke ce. Shi ya sa."

"Kwananshi arba'in a duniya. A cinyata zai zauna."

"Ki jira ni nan. In na sauke su zan dawo in ɗauke ku, ku kaɗai."

Na duba sama, ƙannen mijina suna ƙunshe dariya cikin mayafi, ba wadda ta ce bari in sauka. 'Yan tasha sun taru. Kun san bakina, har yau bai mutu ba, balle lokacin. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Wai kai wannan ƙirge-ƙirgen naka shi zai dawo maka da ɗanka?"

Ya aje karan a hankali, ya goge hannunshi a riga duk da ba abin da ya taɓa, ya shiga mota ya tafi. Ni kuma don in ƙona mashi rai na haye wata motar da ta fi kowace cika, da goyona a baya. Allah Ya tsare, muka isa lafiya, sai na ƙara jin ni ce mai gaskiya. Daga baya mai tuyar ƙosai ta tasha ta faɗa mani ya dawo bayan azahar da mota wayam, ya zagaya tasha yana tambayar ina Hure, har ya leƙa bayan rumfuna.

Shekara huɗu. Duk ranar kasuwar Kusada in zai wuce bakin lungunmu sai ya danna ham sau biyu, ya ɗan rage gudu. Ina jinshi daga madafa. Wallahi sau da yawa na miƙe har na kai zaure, sai kunyar abin da na faɗa ta maido ni, in koma in ce ai shi ya fara. Mijina ya yi faɗa har ya gaji. Na sake haihuwa, ban aika mashi ba. Shi kuma bai taɓa tsayawa ya yi sallama ba, don shi ma kanshi dutse ne, jini ɗaya muke.

Ranar wata kasuwa ban ji ham ba. Ta gaba ma shiru. Bayan kwana uku, da hantsi, wani mai kai gyaɗa ya yi sallama ya ce Malam Sale na kwance, ciwon ƙirji, maƙwabta ke ba shi kunu, kuma in ina son ganinshi in tashi yanzu. Na bar babban wajen maƙwabciya, na saɓa ƙaramar a baya, na ruga tasha ko takalmi ban sa daidai ba.

Mota ɗaya ce za ta Kankiya ranar, kuma ta cika har ta batse, mutane bisa buhuna, wasu ƙafafunsu na reto a waje. Direban ya san ni, ya ce, "Ɗiyar Ashirin-da-Huɗu, matso, a matsa mata can baya." Aka buɗa mani wani ɗan wuri jikin katakon ƙarshe, inda ko hannu ba zan iya ɗagawa in kwance goyo ba. Na sa ƙafa ɗaya a taya. Ina jin numfashin yarinyar a wuyana. Ban san sanda na fara ƙirga kawuna ba, na kai talatin da tara na daina, na sauke ƙafata.

"Ki hau mana, ba wata motar sai gobe."

Na ce, "Ku tafi."

Na kama hanya da ƙafa, ina tafe ina kuka ina zagin kaina da shi gaba ɗaya. Na shiga Kankiya bayan la'asar, na tarar da mutane biyar zaune a ƙofar ɗakinshi, sun dawo daga maƙabarta. Ya cika da azahar. Motar da na ƙi hawa ta iso tun kafin nan, lafiya lau, ba wanda ko ƙwarzane ya samu.

Na tsufa yanzu, mijina ya tafi, yaran suna Kano da Kaduna, in na zauna ni kaɗai abin nan nake juyawa. Da na hau, da na same shi da rai, da na durƙusa na ce Kawu ka yafe mani. Amma na san shi. Kafin ya amsa sai ya buɗe ido ya dubi goyon, ya tambaye ni mu nawa ne a motar. Har yau ban san wanne ya fi ba, kuma ba wanda ya rage da zan tambaya.

Allah Ka jiƙan Kawu Sale, Ka haskaka kabarinshi, Ka sada shi da ɗanshi. Ya zauna shi kaɗai a duniya, Allah kada Ka bar shi shi kaɗai a can. Maganar da na faɗa mashi a tasha kuma, Ka sa ya yafe mani. Amin.