Ƙanƙarar da Ba a Sha

Shekarar da muka gudo daga Mubi, matata da yara suka wuce Kano wajen danginta, ni na tsaya Yola saboda aiki. Ɗaki ɗaya na kama a Wuro Hausa, gidan wata tsohuwa Bafulatana da kowa ke ce wa Dada. Duk faɗin garin ita kaɗai ke tambaya ko na ci abinci. Da azumi a kan tabarmarta nake buɗa baki, tana yi mini faɗa wai na cika shiru.

A Jimeta nake aiki, ina kula da wani ɗaki cike da manyan kwamfutoci masu ajiye bayanan ma'aikatu. Ba sa gaisuwa, sai gurnani da fitar da zafi, ga zafin Yola ba ya wasa. Da man janareta ya nemi kai mu ƙasa, aka girka wani ƙaton tanki a bayan ginin. In an kawo wuta, ruwan ciki ya daskare. In rana ta take kuma an ɗauke, sanyin da aka tara shi ke bin bututu ya sanyaya ɗakin. Abin ya burge ni har na ba Dada labari.

Ana nan azumi ya fara faɗowa tsakiyar bazara. Ƙanƙara ta zama abin nema. A unguwarmu duk mai firji yakan aika wa maƙwabta ɗan gutsure kafin magariba, ko da bai kai kan yatsa ba. Wanda ya hana, an san shi.

Wata yamma Dada ta dube ni, leɓenta ya bushe.

"Ɗana, wannan ƙanƙaran naku, kawo min kaɗan mana gobe."

Na ce, "Dada, ba a sha. Tankin a rufe yake ruf, kuma bututun ciki magani ke gudana a cikinsa."

"Inji yana sha, ni ba zan sha ba? Inji yana azumi ne?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Na sake bayani, har da zane a ƙasa. A wurinta maganar ɗaya ce: ina da shi, na hana. Raina ya ɓaci, don gaskiyata nake faɗa, kuma ba ta da amfani.

Washegari na bi layi a kasuwar Jimeta na sayi ƙulli guda, na naɗe a buhu, na hau Keke. Kafin mu iso Yola rabi ya tsiyaye a kan wandona. Na same ta tana dama kunu.

"Na wurin aikinka ne?"

Da na ce e, da shi ke nan. Ban iya ba. "Na kasuwa ne, Dada."

Ta jinjina kai. "Kasuwa ai kowa ya san hanya. Na hannunka na roƙa."

Ta miƙa wa jikokinta, suka yi ta tsotsa suna murna. Da aka kira salla ta zuba kununa a kofi, ta rufe da faifai, ta ce wa babbar jikarta, "Kai wa Malam ɗakinsa."

Har ta rasu, a ɗakina na buɗa baki.