Ranar da Garinmu Ya Sauko Daga Dutse

Shekarun baya, bayan ƙuri'ar nan ta zaɓen Nijeriya ko Kamaru, ƙauyenmu na kan dutse, kudu da Mubi, ya kusa mutuwa. Mahaifina ne jauro, wato mai gari, amma jauron su wa? Samari sun gangara Mubi neman aiki. Baffana kuma, ƙanin mahaifina, ya ji haushin sakamakon ƙuri'ar, ya ja rabin gari suka tsallaka Kamaru, ko sallama babu.

Sai ga ɗan saƙon hakimi, wai kowa ya sauko bakin hanya. Ya ce, "Jauro, in kun kafa ɗakunanku tare kafin damina, a bar muku sunan garinku. In kuwa ɗai-ɗai kuka zo, a haɗa ku da maƙwabta."

Bangon ƙasa dai mun samu mun gina. Rufi ne ya gagara, don gobarar daji ta cinye ciyawa a shekarar. Sai dai a ɗauko tsofaffin jinkaye daga kan dutse, ga shi mazan da suka rage duk tsofaffi ne, ko jinka ɗaya ba sa iya ɗagawa. Hadari ya fara haɗuwa, mahaifina ya daina cin abincin kirki.

Wata safiya muka ji waƙar gayya daga gabas. Baffana ne da mutanensa. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, wace za mu fara ɗagawa?" Mahaifina ya nuna masa ɗaya da sanda.

Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Maza sun shige ƙarƙashin jinka, ƙafafunsu kawai ake gani, jinka na bin jinka a kan duwatsu kamar ɗakunan ne da kansu suka yi ƙafa. Ni da aka ba kaza ɗaya tak in riƙe, na saki baki ina kallo har ta tsere.

Jinka ta ƙarshe da suka sauko da ita ta tsohon ɗakin baffana ce. Mahaifina ya ce, "Wannan fa, wa zai shiga?"

Baffana ya ce, "Kamaru zan koma, Yaya. Amma ku gina mata bango kusa da naka."

Garin na nan da sunansa, yau har da makaranta. Baffana bai dawo da zama ba, a can ya rasu. Amma mahaifina bai taɓa tsallake shekara bai sabunta rufin ɗakin nan ba.