Ranar da Na Ce Mun Gaisa da Kumandan

Jiya a Sabon Gari jikana ya ɗago mini hannu daga kan kabu-kabu ya wuce, da yamma yake cewa wai ai mun gaisa. Raina ya ɓaci, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Zamanin Nasara ne, muna ɗauke da gyaɗa daga Tsibiri zuwa Maraɗi, sai motar Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ta tunkaro. Wanda bai tuɓe hula ba, bulalar gardi ce, wato dogarin Kumandan. Kawu ya tuɓe yana ƙwafa, ni har da rusunawa. Ko kallo ban samu ba, amma na shiga kasuwa ina baza labarin mun gaisa da Kumandan.

Da Kawu ya ji, ya furzar da goro, jawur a ƙasa.

"Kun gaisa? Ya amsa maka? Ya tambayi lahiyar uwarka? Kai ɗai ka duƙe cikin rana, sakarai!"

Shi kuwa Kawu, ko makahon ƙofar masallaci sai ya kama hannunsa da tafin nan mai kaushi, sun tambayi juna gida da gajiya, kafin ya wuce.

Allah ya sa mala'iku su tarye shi da sallama, su tsaya su ji amsarsa.