Dutsen da Ya Huda Ɗakin Awakina

Da kuza na ci abinci duk rayuwata. Ban yi makaranta ba, amma in ka miƙo mini dutse zan faɗa maka ramin da ya fito.

Abin ya faru a shekarun da Jos ta rabu gida biyu, kowa ya koma wajen nasa. A unguwarmu, kan hanyar Kuru, Musulmi ɗaya ne ya ƙi tashi, wani tsohon tela da katanga ta raba gidana da shagonsa. Shi ya ɗinka rigar da aka binne matata da ita.

Da rana tsaka ne, sama fes, ba hadari. Aka ji ƙara kamar bom, sai wani fito mai tsawo, sai kwanon ɗakin awakina ya fashe. Mata suka kwashi yara da gudu. Na shiga na tarar da rami a ƙasa, akuya ɗaya ta karye a baya tana shure-shure.

Na tona da hannu. Dutse ne kamar dunƙulen hannu biyu, fatarsa baƙa wuluk kamar gindin tukunya, nauyinsa ya fi girmansa. Ba zafi. Na ɗauko maganaɗisun da muke tsince ƙarfe daga kuza, ya manne masa. Duk ƙasar nan ba irinsa. Kuma hujin kwanon ta sama yake, a miƙe.

Kafin na fito samari sun cika ƙofar tela da sanduna da galan na fetur. Sun ce ta kan katangarsa aka jefo abin.

Na ɗaga dutsen. Na ce, "Ga abin nan. Daga sama ya faɗo."

Babbansu, wanda aka kashe wa uba a rikicin baya, ya yi dariya. "Baba, ka sha burkutu ne da rana? Tauraro da dare yake faɗowa."

"Riƙe ka ji. Tsohon da almakashi ke rawa a hannunsa ne zai huda kwano da wannan?"

Ya karɓa, hannunsa ya yi ƙasa don nauyi. Na ga ya gane. Amma mutane na bayansa, fetur ya riga ya zuba. Ya yar da dutsen a ƙafata.

"Shago dai ya tafi," in ji shi, a hankali. "Fitar da tsohon ta gidanka, Baba. Yanzu."

Na tsallaka katanga na tarar da tela zaune gaban keken ɗinkinsa. Ya ce, "Maƙwabci, wandonka saura ƙafa ɗaya." Na ce, "Tashi, Malam." Na cicciɓe shi na tura ta kan katanga, na rufa masa rigar ruwata, na ɗora shi a mashin. Muna hawa titi hayaƙi ya tashi a bayanmu. Bai waiwaya ba. Na sauke shi a kasuwar Katako wajen ɗan ƙanwarsa mai sayar da katako.

Bai sake taka unguwar ba. Bayan damina biyu aka aiko mini ya rasu, a kan gadonsa.

Akuyar na yanka ta ranar. Dutsen yana nan, da shi nake tokare ƙofa. Hujin kwanon ban toshe ba.